Littafi na Uku a Gidan Goggo

Jikata ta zo hutu wajena daga makaranta, ta yi kwana goma, kuma ban jin na ga ƙwayar idonta sau goma. Kanta na sunkuye a kan waya, tana murmushi ita kaɗai, wani lokaci ta ja tsaki, wani lokaci ta rufe baki da gefen mayafi. Da na tambaye ta abin da take kallo, sai ta ce ba kallo ba ne, karatu ne, littafi ne ake turo musu kullum shafi-shafi. Na ce to madalla, karanto mini in ji, ni ma tsohuwar ma'abociya ce. Yarinyar nan sai ta kife wayar a cinya, ta ce caji ya kusa ƙarewa. Ban matsa mata ba. Na san irin littafin da cajinsa ke ƙarewa idan kaka ta matso, don mu ma mun yi namu. Bambancin kawai, namu da ƙarfi ake karanta shi, a tsakar gida, mata goma na saurare.

A gidan Goggo na tashi, yayar mahaifina, a Nasarawa, tun Birnin Kebbi ba ta yi wannan faɗin ba, tun wajen Gesse da gidaje suka cika yanzu roron wake ke kai mu. Sana'ar gidan gumi ce, wato turara shinkafa. Ana kawo shanshera, shinkafar da ba a sheme ba, daga fadama, a jiƙa ta ta kwana, da safe a turara a rabin ganga, a shanya a kan tabarmi, a kai inji, a dawo a bakace. Wanda bai zauna gidan gumi ba bai san warin nan ba, mai ɗumi da ɗan tsami, wanda ke kama zane har sai an yi masa wanki biyu. Ƙarar gidan ma daban take. Itace na fashewa a murhu, faifai na ta kaɗawa, Goggo na korar awaki daga shanya tana kiran kowace da sunan uwarta. Aikin ƙarshe shi ne tsintar tsakuwa, bayan azahar, a inuwar dogon yaro. Shi kaɗai ne aikin da ba shi da ƙara. Hannu da ido yake so, kunne na zaune ba aikin yi, kuma ta nan littafi ya samu ƙofar shiga gidanmu.

Daga Kano littattafan ke zuwa, wata mata a bayan kasuwa ke ba da hayarsu. Sirara ne, takardar kaɗan ta fi ta ƙunshin ƙosai, kuma kowane labari sai an raba shi uku, a tsaya daidai wurin da ranki zai fi ƙuna. Mukan lulluɓe bangon da takardar buhun siminti saboda mazan gida. Ni kaɗai na yi nisa a boko cikin matan gidan, sai Luba, 'yar maƙwabtanmu, wadda ta fi ni sauri amma ba ta da murya, tana karatu kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Ni kuwa kowa a littafi sai na yi masa muryarsa. Idan attajiri na magana in kumbura wuya, idan yarinya na kuka in sa rawa a murya har a ji wata ta ja hanci. Saboda haka aka ɗauke mini tsintar tsakuwa, aka ba ni turmi a kife in zauna a kai. Ba zan ɓoye ba, turmin nan ya fasa mini kai.

Masu zagin littattafan nan, da da yanzu, ba kasafai suke tambayar abin da ya sa muke son su ba. A gidajenmu ba a yi wa yarinya bayanin komai. Jikinki na sauyawa, zuciyarki na bugawa idan wani ya wuce, duk wadda kika tunkara da tambaya sai ta ce ki yi shiru, ba ki da kunya. A littafi muka fara jin mace na da abin da take so, tana faɗi, kuma ana tsayawa a saurare ta. A nan muka ji namiji ya tambayi mace ko ta gaji. Ranar da na karanta wannan, matan aure suka fashe da dariya suna tambayar a wane gari aka yi haka, wata ta ce ita tun da aka kawo ta, abin da maigidanta ya taɓa yaba mata miyar kifi ce, ita ma sau ɗaya. Idan an zo wuraren da suka yi zafi, inda marubuci ya tsaya yana kwatanta yarinya tun daga gashi har dunduniya, ko inda aka tura ƙofa aka rufe, sai in rage murya, hannuwa su tsaya a kan faifai. Goggo takan yi gyaran murya ta ce in tsallake. Amma idan na tsallake da yawa, ita ce farkon mai cewa ba nan muka tsaya ba.

Aibinsu kuwa sai daga baya na gan shi. Yarinyar littafi kullum fara ce, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Mu masu saurare baƙaƙe ne, ga kaushi ga warin gumi, sai ka ga wata ta dubi hannunta ta ɓoye shi cikin zane. Namijin kullum mai mota ne, mai ofis a saman bene. Masunci ko mai noman albasa ko sallama ba ya samu a labarin, alhali su ne za su aure mu. Babban aibin kuma shi ne, marubuci zai kwashe littafi biyu yana lasar baki a kan yarinya, sai a na uku ya tuna da Allah, ya kashe ta don labarinsa ya zama wa'azi. Namijin da ya ɓata ta kuwa yakan tuba a shafi guda, ya auri wata. Na leƙa wayar jikata da ta tafi alwala, na ga har yau haka ake yi, sai dai yanzu ba a ko rufe ƙofar. Abin da ya fi damuna ba batsar ba ce. Ita kaɗai take karantawa, babu wata tsohuwa a gefe da za ta ja tsaki ta ce wannan namiji maƙaryaci ne, tun daga shafin farko na gane shi.

Akwai kuma abin da sai wanda ya san matan gidanmu zai gane. Rubutun da suka sani a duniya shi ne na allo da na littattafan malamai, kuma abin da ke cikin takarda ba a ƙaryata shi. Marubutan suna sa wa a shafin farko cewa labarin ya faru da gaske, sunaye kawai aka sauya. Ni na san ado ne. Amma duk wadda ta tambaye ni ko an yi, sai in ce ƙwarai kuwa, har in ƙara da cewa malamarmu ta san unguwarsu yarinyar. Ina yin haka ne don idan labarin gaskiya ne, mai karanta shi ma ta ƙara daraja.

Wadda ta fi kowa yarda da ni ita ce Kulu. 'Yar wani ƙanen Goggo ce da ya rasu, daga wajen Augie aka kawo ta. Ta girme ni da shekara huɗu, ta taɓa yin aure bai yi ƙarko ba, ta dawo gida. Ita ce ƙarfin gidan, ita ke tsayawa a bakin ganga cikin tururi, ita ke riƙe buhu idan masu saye sun zo awo. Ba ta da surutu. Idan ana karatu ba ta dariya inda ake dariya, tana saurare ne yadda ake sauraron sanarwar rasuwa a rediyo.

A wannan shekarar muka ɗauko wani labari na wata yarinya da wani ɗan kasuwa ya yi wa alkawarin aure. Littafi na biyu ya ƙare ne a inda ta gane tana da ciki, mutumin ya ɓace, ta ɗaure kayanta ta nufi tasha. Na ukun yana hannun wasu, sai da muka yi mako biyu muna jira, kuma kullum Kulu sai ta tambaye ni ko ya samu. Ranar da ya zo hannuna da safe, na shige ɗaki na karance shi ni kaɗai, kamar yadda na saba, don in san inda zan sa murya. Yarinyar ta faɗa babban birni, ta sha wahala, ta sha wani magani, ta mutu a ƙofar asibiti ba wanda ya san sunanta. Marubucin ya rufe da shafi biyu na gargaɗi ga 'yan mata. Har na gwada muryar da zan yi wa mutuwar, na ji ta yi daidai.

Da hantsi aka aike mu inji ni da Kulu. A hanya ta tambaye ni ko na duba na ukun, na ce ban duba ba, don dokata ce ba na faɗa wa kowa ƙarshe. Mun kusa kwanar injin sai ta sauke kwanonta, ta dafa katanga ta yi amai. Ina tsaye ina kallonta abubuwa suka riƙa dawo mini. Mako da makonni ta bar bakin ganga ta koma bakace, wai tururi na sa ta jiri. Akwai kuma wani mai sayen shinkafa da ke zuwa da babbar mota bayan kaka, wanda ɗinkin buhunsa a zaure ba ya ƙarewa da wuri, kuma tun da ya yi lodin ƙarshe ba a sake ganinsa ba. Ta ɗago ta ga fuskata, ta san na gane.

Na ce mata, da sauri, littafi fa ƙirƙira ne, wani ne ya zauna ya tsara, babu wata yarinya.

Ta goge baki da gefen zane ta ce, "Ke da bakinki kinka ce an yi. Yau don kin gane ni shi na za ya koma ƙarya?"



Ta ce, "Kayana suna ɗaure cikin buhun dussa. Ƙarshenta nika jira in jiya. In mutuwa ta, in tahi in yi tawa inda ba a san ni ba. Ba ni bari Goggo ta ɗauki kunyag ga."

Ta ɗora kwanonta a kai muka ci gaba. Yau da nake tsohuwa na san abin da ya kamata in yi, in je in sami Goggo in faɗa mata. Amma a lokacin yarinya kamata ba ta kai wa babba irin wannan magana, bakina ba zai ma iya haɗa kalmomin ba. Na yi tunanin in ce littafin ya ɓace, sai na tuna na biyun a tasha ya tsaya, kuma can Kulu za ta bi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga haushin kaina, don ni na ɗaure ta da wannan igiya.

Bayan azahar aka baje faifai, har da matan maƙwabta da suka ji na uku ya zo. Luba ma ta shigo ta zauna a bakin rijiya. Na hau turmina na fara. Shafukan farko na karanta su yadda suke, yarinyar na zaune a tasha, mota na lodi. Da aka zo inda za ta shiga motar, sai na ce ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ta fasa, ta sauko, ta juya gida. Daga nan duk abin da ya fito daga bakina nawa ne. Na ce ta wuce ɗakin gwaggonta ta durƙusa ta faɗi komai. Na ce gwaggon ta yi salati, ta yi kuka, ta yi kwana biyu ba ta ce mata uffan ba, a na uku ta kira ta ta ba ta fura. Ban iya tsara labari ba, ashe karantawa daban, ƙirƙira daban. Babu mota, babu bene, babu ko kalma ɗaya mai daɗi. Gwaggon littafin ma, ban ankara ba, sai ga ta da ciwon gwiwa da goro a ƙugu irin na Goggo. Na ce yarinyar ta haihu lafiya, mutane sun yi surutu sun gaji, ta rayu. Na rufe littafin.

Sai aka fara gunaguni. Wata ta ce wannan marubuci ya fara da kyau ya ƙare ba gishiri. Sai Luba ta miƙe daga bakin rijiya. Ashe ta riga ta karanta shi a gidan wata ƙawarta.

Ta ce, "Ba haka shike ba. Mutuwa tay yi, ƙohwar asibiti. A ba ni littahin in gwada muku."

Ta miƙo hannu. Na danne littafin a cinya. Ban dubi Kulu ba, amma ina jin faifanta ya tsaya. Goggo ta ture faifanta gefe. Ta dube ni, ta dubi littafin, sannan ta bi fuskokin 'yan matan wurin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take duba shinkafa kafin ta yarda an gama tsinta. Ban ga inda idonta ya fi daɗewa ba, don kaina na ƙasa.

Ta ce, "Luba, ke anka ba karatu ko ita? Zamna. Yadda tac ce, haka na." Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinta, ba ta dubi kowa ba ta ƙara da cewa, "Kuma in ni ta gwaggon ga, hakanan za ni yi."

Bayan la'asar, da mata suka watse, na ga Kulu ta wanke hannu ta tsaya a ƙofar ɗakin Goggo, ta daɗe, sannan ta ɗaga labule ta shiga. Ina bakin murhu ina tura itacen da ba ya bukatar turawa. Salati ɗaya na ji, daga nan ban sake jin komai ba.

Abin bai zo da sauƙi irin na labarina ba. Goggo ba kwana biyu ta yi ba, mako guda ta yi ba ta yi wa Kulu magana ba, abinci ma sai dai a ɗauke shi yadda aka ajiye. Daga nan ta shirya da kanta ta kai ta Argungu wajen wata ƙanwarta da ke auren masunci, ta zauna da ita can har Kulu ta sauka. Mace ta haifa. Magana ta fita, kamar yadda take fita. Wasu gidaje suka daina aiko mana da shanshera, wasu dangi suka yi shekaru ba su taka gidan Goggo ba. Mai babbar motar bai dawo ba, ko labarinsa ba a sake ji ba. Mahaifina ya ce littattafan nan ne suka jawo, ya tattara waɗanda ya samu ya cusa a ƙarƙashin ganga, aka turara shinkafa da su. Ban yi masa musu ba, ko da yake na san Kulu ba a littafi ta haɗu da mutumin nan ba, a zaurenmu ne. Karatun tsakar gida ya mutu daga ranar, na koma tsintar tsakuwa kamar kowa. Kulu ba ta sake zama Birnin Kebbi ba. A Argungu ta yi wani auren, ta kama sana'ar bandar kifi, 'yarta ta girma ta yi nata gidan.

Shekaru da yawa muna haɗuwa wajen biki da rasuwa, har da ta Goggo, ba mu taɓa tayar da maganar ba. Sai bara da na je duba ta, ƙafa ta matsa mata. Na same ta a tsakar gida da rana, tana zaune a tabarma tana nuna wa jikokinta yadda ake jera kifi a kan ragar banda. Ta kore su, muka gaisa, muka yi ta lissafa waɗanda suka rasu. Can sai ta ce, ba tare da wani share fage ba, "Yarinyar nan ta littahi, mutuwa tay yi ko?"

Na ce eh, ta mutu.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Na sani tun ran nan, tun Luba ba ta buɗe baki ba. Ni ban iya karatu ba, amma ina da ido. Kin ɗauki lokaci mai tsawo kina zuba, ba ki juya takarda ko sau guda ba."

Na tambaye ta, to da ta san ƙarya ce, me ya kai ta ɗakin Goggo.

Ta juya wani kifi da ke gabanta ta ce, "Na ga ke, da duk girman kanki, kin yi ƙarya gaban mutane don kada in tahi. Sai nic ce, ashe akwai mai so in zamna."